ALBARKA TA CE

Shafi na 11

Masu cika mini waya da saƙo cewa na bar ku a rataye, ku yi haƙuri, wuta ce ta ƙi zama a unguwarmu. Mun tsaya inda Salahuddin mai walda ya haye gada zuwa Umdurman don ya ga akodiyon ɗin nan, kayan kiɗa mai zugazugi, da ya gani a Fesbuk. To ga yadda cinikin ya kaya.

A gindin wata darbejiya suka haɗu, wajen wata mai shayi a bayan kasuwa. Saurayin da ya sa hoton kayan ya riga shi isowa. Rashid ya ce sunansa. Siriri ne, waya a hannu, ƙafarsa ɗaya sai rawa take yi a ƙasa, ga baƙin akwati ya matse tsakanin gwiwoyinsa.

Larabci suka yi tun daga sallama har tashi. Haka muke a birnin nan. Za ka ga mutum, hancinsa naku, goshinsa naku, amma ba za ka fara yi masa Hausa ba sai ka tabbata, gudun kada ya dube ka sama da ƙasa ya ce shi bai san wannan yaren ba, ka kunyata a gaban jama'a.

Da Rashid ya buɗe akwatin, ƙamshi ne ya fara fitowa kafin kaya. Sai ga shi, ja jawur, haƙoransa farare a jere. Salahuddin ya miƙa hannu ya shafa shi. Rabonsa da rataya akodiyon tun ranar da masu kaki suka faɗa wani gidan biki a Soba suka tattake nasa da takalmi, yana tsaye yana kallo. Tun daga ranar ya koma wa ƙarfe a warsharsa, wato shagon waldarsa, da ke unguwar Alshajara, amma yatsun ba su taɓa yarda ba. Ko kofin shayi ya riƙe sai ka ga suna latsa shi.

Ya rataya, ya ja zugazugin, ya bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya. Duka suka amsa, sai ɗaya a tsakiya da ya yi gum.

"Haƙorin nan ya mutu."

"Haka na same shi, ya ammi," in ji Rashid, wato baffana.

Salahuddin tsohon ɗan kasuwa ne a zuciya, nan take ya kama wannan haƙori ya yi ta dukan farashi da shi. Ya ce a hoto ba a nuna masa ba. Ya ce masu gyaran irin wannan duk sun mutu ko sun tafi Saudiyya. Yaron bai ja da nisa ba, ya sauko, ya ƙara saukowa, har Salahuddin ya fara jin kunyar kansa. Shi ne ya tambaya na wane ne kayan.

"Na babana ne. Ba ya nan."

Salahuddin ya ce Allah ya jiƙansa. Rashid bai ce amin ba, ya dai dubi wayarsa.

"Manyan gida sun san za ka sayar?"

"Habboba ta sani," in ji shi, yana nufin kakarsa. "Na gaya mata abin da ka taya a waya. Da bakinta ta ce albarka."

Ku tsaya nan ku ji da kyau. Duk maganar yaron Larabci ce tas, irin ta 'yan Umdurman, amma kalmar nan ɗaya ba ta fito da Larabci ba. Bai ce baraka ba. Albarka ya ce, yadda tsofaffinmu suke faɗa. Kunnen Salahuddin ya motsa. Shi da aka haifa a kambo, sansanin masu tsinkar auduga a Jazira, ya sha nono da Hausa, ya san abin da ya ji. Tambaya ɗaya ce ta rage masa: da wane harshe ta faɗa?

Amma maratayin yana kafaɗarsa, nauyin kayan yana ƙirjinsa. An ce mai son abu makaho ne. Ni na ƙara muku, kurma ne kuma.

Suka tafa. Mai shayi ta ce mabruk. Rashid bai ko ƙarasa kofinsa ba, ya tsayar da raksha ya faɗa ciki.

*

A gida, Mawahib ce ta fara ɓata masa murna. Ita ce fa ta zare awarwaronta na zinariya, wanda uwarta ta bar mata, ta kai kasuwa don a sayi kayan nan. Ba don komai ba sai don 'yarsu Munira, wadda lallenta ya matso, kuma tun tana ƙarama uban ya rantse mata cewa ranar lallenta ba wanda zai yi mata kiɗa sai shi.

Mawahib ta durƙusa ta shinshina cikin akwatin. Ta ɗaga wani farin ƙyalle da aka shimfiɗa a ciki, wankakke, an yi masa guga. Ta shafa maratayin, yatsanta ya tsaya a kan wata 'yar laya da aka ɗinke a jikin fatar.

"Abu Munira, turaren nan bai yi mako ba."

Ya ce to sai me.

"Wanda ya gaji da kaya ba ya yi masa turare."

Ya ce mata ita dai ba ta iya ganin mutum yana farin ciki ba, sai ta nemo ƙashi a cikin tsoka. Ta koma wajen kisrarta, wainar dawar da take toyawa.

Da la'asar ya zauna a tsakar gida ya fara. Da farko yatsun suna tuntuɓe, duk sanda suka faɗa kan mataccen haƙorin sai kiɗan ya yi rami. Munira tana dariya tana cewa Baba ya tsufa, gara a kira yaran zamani masu na'ura. Kafin rana ta faɗi ya gano dabara. Ya koyi tsallake haƙorin, ya riƙa ɗan jan na gabansa ya cike gurbin, har ramin ya zama kamar ado. Maƙwabta suka leƙo ta kan katanga. Munira ta daina dariya, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, ta ce ba ta taɓa sanin haka ya iya ba.

Washegari ya duba shafin yaron, hoton ya ɓace. Ya kira lambar, a kashe. Ya ce wa kansa ai haka ake yi in an sayar da kaya.

*

Yana warsha ranar Lahadi da hantsi, ya buɗe cikin akodiyon yana neman yadda zai tayar da haƙorin, sai ga wata mata a bakin ƙofa. Tob ɗinta, lulluɓin matan nan, ya kwashi ƙura har gwiwa, alamar ta sha tafiya. Ta yi sallama da Larabci, ta tambaya ko shi ne Salahuddin da ya rubuta a ƙarƙashin hoton cewa yana so. Wata 'yar maƙwabtansu ce ta ga rubutun, ta ga hotonsa da abin rufe fuska na masu walda. Tun safe take bin warsha warsha.

Bai amsa ba tukuna idonta ya sauka kan teburin. Ta dafa ƙofa, ta ce a hankali, ba da shi take ba:

"Wayyo Idirisu, har cikinsa sun buɗe."

"Gyara nake yi, ba ɓarna ba," in ji Salahuddin.

Sai da maganar ta fita ya gane da Hausa ya yi ta. Matar ta daɗe tana kallonsa.

"Ashe kai namu ne. To na huta, ba sai na yi maka fassara ba."

Sittana ta ce sunanta, gwaggon Rashid ce, ƙanwar ubansa. Ya jawo mata kujera ta ƙi zama. Ya ce shi fa bai saci kayan kowa ba, ciniki ya yi da rana tsaka a gaban shaida, kuma sai da ya tambaya, yaron ya ce tsohuwa ta yarda.

"Me ya ce ta ce?"

Salahuddin ya hau goge hannu da tsumma.

"Faɗi kalmar mana, yaya. Da bakinka nake son ji."

"Albarka."

"To. In ka taya akuya a kasuwa, mai ita ya ce maka albarka, kwance igiya kake yi ka ja?"

Ya ajiye tsumman a kan tebur. Yaro ma ya san wannan, in dai da Hausa aka raine shi. Albarka a ciniki ƙi ne. Cewa ce ba ka taya ba, ƙara gaba, Allah ya kawo rabonka a wani wuri.

Sittana ta ce Hausar Rashid ta gaisuwa ce da ta cin abinci. Ya zauna kusa da tsohuwar, rabi Larabci rabi Hausa, ya ce mata wani ya taya kayan babansa. Ta ce albarka, ta juya fuska bango. Shi kuwa ya ji kamar an sa masa albarka, ya sumbaci kanta ya fita. Ita Sittana tana kasuwa a lokacin.

"Ko bai sani ba, ko ya sani ya yi kamar bai sani ba, wannan tsakaninsa da Allah. Shi yaro ne. Kai fa, mai furfura?"

Salahuddin ya ce ai yaron ya gaya masa mai kayan ya rasu, gado ne, ɗa yana da haƙƙi.

"Ya ce maka ya rasu?"

Ya tuna. Ba ya nan, aka ce masa. Shi ne ya ƙara sauran da kansa.

A tsaye ta ba shi labarin, muryarta ba ta ko rawa, kamar wadda ta gaji da faɗa. Idirisu, uban Rashid, makaɗin biki ne, duk unguwarsu an san shi. Wata safiya, shekarun da ake tare motoci ana kwashe samari a kai su yaƙin kudu, ya ce zai haye Khartoum ya nemo mai gyaran haƙorin nan da ya mutu. Ya tura akwatin ƙarƙashin angareb ɗin uwarsu, wato gadonta na igiya, ya ce: Iya, kada ki bari kowa ya taɓa, yanzu zan dawo. Aka sauke shi daga hafila, motar haya, a bakin gada. Rashid yana cikin uwarsa ba a haife shi ba. Babu gawa, babu saƙo, babu wanda ya dawo ya ce ya ga kabarinsa. Uwar tasu, Hajja Barakatu, ta hana a yi zaman makoki, ta hana a yi sadaka. Duk Juma'a sai ta jawo akwatin, ta canza ƙyalle, ta yi masa turare, ta mayar. Idonta ya tafi, hannunta bai manta hanya ba.

"Juma'ar nan ta miƙa hannu ta taɓa ƙasa. Daga ranar ruwa kawai ke wuce maƙogwaronta, ko tashi zaune ba ta iyawa."

Salahuddin ya ji duka, amma ɗan Adam ba ya sakin abu da sauƙi. Ya ce to a kawo yaron, ya maido abin da ya karɓa, su ɗauki kayansu.

Nan ne Sittana ta yi wata dariya marar daɗi. Ta ce Rashid ya kira ta sau ɗaya, iska tana kaɗa maganarsa, yana bayan wata mota mai shiga sahara zuwa Libiya. Abin da Salahuddin ya ba shi, shi ne kuɗin motar. Tsohuwa ba ta sani ba. An ce mata yana Soba wajen abokinsa.

Ya gaya mata zancen awarwaron Mawahib. Ya gaya mata zancen Munira da rantsuwar da ya yi. Ya ce a bar masa kayan zuwa ranar lalle kawai, washegari shi da kansa zai kai har gida, ba ya neman ko sisi.

"Ita za ta kai ranar lallen?"

Ta gyara tob ɗinta a kafaɗa.

"Ban zo da hukuma ba, ban zo da abin biyanka ba. Na zo ne in gaya maka, don kada gobe ka ce ba ka sani ba. Sau ɗaya ka yi ban sani ba, ya isa."

Ta kwatanta masa gidan, ta juya ta fita.

*

Ya mayar da murfin yadda yake, haƙorin bai tashi ba. Ya rufe akwatin, ya biya ta gida.

Mawahib ta ga fuskarsa ta ga akwatin, ba ta ce ai na faɗa maka ba. Da ya gama yi mata bayani sai ta shafa wuyan hannunta inda awarwaron yake a da, ta ce ya kai. Ta ce Munira za ta yi lallenta da tafi da gangar mata, yadda ita ma ta yi nata, aure ba ya mutuwa don rashin akodiyon.

Munira tana bakin ƙofar ɗaki, ta ji komai.

"Baba, ka fa rantse."

Bai iya ɗaga ido ya dube ta ba. Ya saɓi akwatin ya fita.

Gidan Hajja Barakatu na ƙasa ne, a can cikin lungu, ƙofar ƙarfe mai shuɗin fenti. Sittana ta buɗe masa, ta nuna masa inuwa a tsakar gida, ta ce ya ɗan jira ta shiga ta lallaɓa tsohuwar, don kada murna ta zo mata gaba ɗaya ta yi mata illa.

Ya zauna shi kaɗai. Wata kaza tana tono a gindin randa. Ya dubi akwatin, ya ce a ransa daga yau shi ke nan, ba zai ƙara samun awarwaron da za a sayar ba, kuma yatsun nan sun kusa daina lanƙwasa. Ya buɗe. Ya ce sallama kawai zai yi, ƙasa ƙasa, yadda ko kazar ba za ta firgita ba.

Ya rataya. Abin da ya zo masa shi ne wata tsohuwar waƙa da matan kambo suke yi in rana ta yi tsaka a gonar auduga, wadda duk Bahaushen da kakanninsa suka bi ta Jazira ya taɓa ji a bayan uwarsa. Da ya iso kan mataccen haƙorin sai ya tsallake, ya ja na gabansa, yadda ya koya. Bai san cewa duk wanda ya riƙe kayan nan dole haka zai yi ba. Bai san wani ya riga shi yin haka a wannan tsakar gida ba.

Labulen ɗaki ya motsa.

Wata 'yar ƙaramar tsohuwa ce, ba ɗankwali, ba takalmi, hannu ɗaya yana bin bango. Idanunta farare, fuskarta tana bin sautin kamar mai bin ƙamshi. Matar da aka ce ba ta iya tashi zaune, ga ta tana takowa.

Yatsunsa suka tsaya.

"Idirisu."

"Na'am."

Wallahi ba niyya ya yi ba. Wanda ya tashi a gidan Hausa, in tsohuwa ta yi kira a gabansa, na'am tana fita kafin tunani ya iso. Amma ta riga ta fita.

Ta ƙaraso, ta lalubi zugazugin, ta lalubi maratayin har ta taɓa layar, ta hau zuwa gemunsa. Ta ce ya yi furfura. Ta ce hannunsa ya yi kaushi, wane irin aiki suka sa shi a can. Ba ta yi kuka ba, ta dai riƙe wuyan hannunsa da ƙarfin da bai zaci tana da shi ba.

"Ba ka sami mai gyaran ba ke nan."

Ya ɗaga kai. Sittana tana bayanta a bakin labule, ta toshe baki da gefen tob ɗinta, tana girgiza masa kai, idonta yana roƙonsa kada ya ce komai.

"Ban bari kowa ya taɓa ba," in ji tsohuwar. "An taya, na ce albarka."

Sannan ta juya wajen 'yarta, muryarta ta dawo kamar ta mai lafiya.

"Sittana, zubo mini abinci, yau zan ci. Kuma ki kira Rashid a waya yanzu, ki ce ya baro Soba ya zo ya ga ubansa."

To jama'a, ni na ga ciniki iri iri a rayuwata, na saya an cuce ni, na sayar na ci, amma ban taɓa ganin irin wannan ba. Mai motar sahara ya ci riba, shi kam tsaf. Mai sayen zinariya ya ci. Mawahib ta rasa awarwaron uwarta, Munira ta rasa kiɗan da aka rantse mata. Rashid ya sayar da abu ɗaya tak da ubansa ya bari a duniya, ya sayi hanyar da ba kowa ke kai ƙarshenta ba. Hajja Barakatu ta sami akwatinta, ta sami ɗan da ba nata ba, ta rasa jikan da bai ma shiga lissafinta ba tukuna.

Salahuddin kuwa ya fito neman akodiyon ya tashi babu shi, sai sunan wani mutum da aka rataya masa a wuya. Ga shi nan zaune, hannunsa a cikin nata, Sittana ta ɗaga wayar tana kallonsa, tsohuwa tana jira a buga.